Goyo a Bayan Maigida

Sallamar mahaifinsa ta same shi a bakin famfo yana wanke kwanuka, jaririya goye a bayansa da zanen matarsa.

Da safe ya buga wa shugabansa na ofis waya, ya ce zazzaɓi ne ya kwantar da shi. Da ya ce matarsa ce ke da jarrabawa, ai da ya zama abin dariyar abokan aiki. Ga shi yanzu tsohon da ya raine shi a kan cewa namiji ba ya aikin mata yana tsaye yana kallonsa.

"Baba, wallahi yau ne kawai..."

"Duƙa," in ji tsohon.

Ya jingine sandarsa, ya gyara wuyan yarinyar da ya langaɓe, ya kwance zanen ya sake ɗaurewa tamau, ko gargada babu.

"Baba, a ina ka iya goyo?"

"A bayana ka yi haƙori, lokacin da babarka take kwance a asibiti." Tsohon ya sassauta murya. "Ni rufe ƙofa nake yi kada a gan ni. Kai bar taka a buɗe."