Ƙurar Ilu

Ranar da labarin ya iso wa Tabawa, tana surfen gero ne a tsakar gida. Wani ma'aikacin kamfani ya yi sallama, ya ƙi zama a tabarmar da ta shimfiɗa masa.

Tun da aka farfasa watan sama wajen haƙar ma'adinai, ɓaraguzansa suka zagaye duniya kamar ɗamara, ake kwasar samari su je sama su share wa jirage hanya. Ɗanta Ilu yana cikinsu.

"Inna, sai haƙuri," in ji mutumin. "Dutse ya sami Ilu."

Ta yi salati, ta jingine taɓarya. "To yaushe za ku kawo shi a yi masa sutura?"

"Ba a ɗauko waɗanda suka mutu a can, Inna. Yana can yana zagayawa tare da duwatsun. Gogar juna suke yi har su zama ƙura, ƙurar kuma tana saukowa a hankali. Da kansa zai dawo, ya ma rage mana aiki."

"A ina zai sauka?"

"Ko'ina. Teku, bola, rufin wani." Ya kaɗe takalminsa ya fita.

Aka yi sallar jana'iza babu gawa, jama'a suka watse.

Har yau kullum da safe Tabawa takan kore kaji, ta share tsakar gida a hankali. Ba ta kai sharar bola. Takan tara ƙurar a farin ƙyalle, ta tona rami a bayan ɗaki, ta kwantar da ita tana fuskantar alƙibla, sannan ta rufe.