Abokin Wasa na Kaduna

Atika ta karanta layi ɗayan da ke cikin wasiƙar, ta ɗauke dokin mijinta daga kan allon dara. Alhaji Tambari ya bi shi da ido kawai.

Shekara goma sha ɗaya ke nan suna buga darar Turawa ta gidan waya, shi a Ƙofar Atiku, amininsa Ibrahim a Kaduna, kowace wasiƙa motsi ɗaya. Da shanyewar ɓarin jiki ta kayar da shi a 1978, ya bar wa ƙannensa rumfar atamfa, wasan nan kaɗai ke sa ya yarda a tayar da shi zaune. Atika ke karɓo wasiƙu, ita ke rubuta amsa.

Amma tun bayan babbar Salla Ibrahim ya canza. Ba gaisuwa, ba tsokana, ba "ya jikin tsoho". Layi ɗaya da tafireta, shi ke nan. Mutumin da kan jefa sarauniyarsa cikin haɗari don kawai a yi dariya, yanzu ba ya ganganci, ba ya sassauci.

Tambari ya san dalili. An sha ba shi labarin injin da alhazai ke sayowa a Jidda: ka danna masa motsin abokin wasanka, ya nuna maka amsa.

Ya sa aka rubuta tambaya. Layi ɗaya ya dawo. Ya sa aka rubuta roƙo, nan ma layi ɗaya. Yana kwance yana kallon rufi, ba ƙafar zuwa Kaduna, ba hannun rubuta baƙar magana da kansa, ga likita ya hana duk abin da zai tayar masa da hankali. Cin dokin bai dame shi ba kamar wanda ya ci shi.

"Ɗauko biro," in ji shi da karkataccen baki. "Ki ce mishi na gane. A cuci gurgu da inji? Ki ce abotarmu ta ƙare, ko jana'izata kada ya zo."

Atika ta riƙe biron.

"Alhaji, wanga ban iya rubuta shi."

"Mi ya hana?"

Ta durƙusa a gefen gadon, ta kasa ɗago kai.

"Kada ka ɗauki alhakinshi. Injin yana ɗakina, ni ke danna shi, ni ke buga wasiƙun da tafireta, likita ne ya ce kada a faɗa maka. Ibrahim wata bakwai ke nan yana kabari."