Indiyancin Dakta Mamuda

Tun kafin a gama jera kujeru a zauren gidan saukar baƙi na Kazaure, Dakta Mamuda Daudu ya riga ya hakimce a ta tsakiya, ya ɗora ƙafa kan ƙafa.

Zamanin da kuɗin man fetur ya yi wa gwamnati yawa ne, har ta rasa inda za ta zuba shi. Sai wasu malaman jami'o'in Arewa da takwarorinsu na Nijar suka tuna akwai wata nahiya wai ita Asiya, kuma ya kamata a haɗa kai a kafa cibiya guda ta nazarinta. Da za a shimfiɗa wa yawancinsu taswira, ba za su iya nuna Japan ba. Amma kowa ya ji labarin cewa shugaban cibiyar zai samu gida da mota da direba.

An zaɓi Kazaure don tana kan hanyar kowa. Har an tashi wasu manoma daga gonakinsu a hanyar Roni, an kafa allo. Abin da ya rage shi ne zaɓen shugaba.

Mamuda bai ga wanda ya isa ya ja da shi ba. Ɗan gari ne, ya yi digirinsa a Ingila, kuma ba ya buɗe baki sai ya ce, "Lokacin da nake Bambai ta Indiya." Malaman Nijar 'yan sefa yake kiransu. Abokin takararsa kuwa, Dakta Sama'ilu Baraka, mutumin Babura, ɗan dillalin shanu, Mamuda yakan ce har yanzu warin kasuwar shanu bai sake shi ba.

Ana gama addu'ar buɗe taro Sama'ilu ya miƙe.

"Ran shugaban taro ya daɗe, na zo mana da baƙo. Farfesa Mehta, masani daga Indiya. Tunda ɗan'uwana Dakta Mamuda ya daɗe a can, sai su gaisa da harshen ƙasar bayan an ci abinci, mu ma mu ƙaru."

Wani Ba'indiye mai furfura a gefen kai ya shigo cikin baƙar kwat. Ya tuɓe takalmansa a bakin ƙofa, ya ɗan rusuna wa dattawa. Malamai suka yi ta rige-rigen miƙa masa hannu.

Mamuda ya sauke ƙafarsa.

Gaskiyar maganar, iyakar zamansa a Bambai shi ne ranar da jirginsu ya sauka shan mai a hanyarsu ta zuwa wani taro, ya leƙa ta taga. Indiyancinsa duk a silima ya tsince shi a Kano, tun yana ɗan kwaleji yana tsallake katanga. Ya haddace zantukan jarumai kamar karatu, bai san ma'anar rabinsu ba. Ko Rahamatu matarsa ba ta san wannan ba.

Aka kawo tuwon shinkafa da miyar taushe. Mamuda ya yi ta juya cokali a cikin kwano. Baƙon kuwa ya ture cokali, ya wanke hannu, ya gutsuro tuwo ya mulmula. Wani malami ya yi ba'a da Hausa, baƙon ya murmusa tun tafinta bai buɗe baki ba. Aka ce ai haka manyan masana suke, fuska kawai suke karantawa.

Sama'ilu yana ta kallon Mamuda yana sakace.

Aka dawo zaure. Farfesa Mehta ya miƙe, ya dafa ƙirji, ya zubo Indiyanci mai tsawo da murya mai rawa. Mamuda bai gane komai ba, sai dai wasu kalmomin kamar ya taɓa jinsu a wani wuri. Ya hango gidan da motar suna tafiya, ya hango 'yan sefa suna dariya har Maraɗi.

Sai ya rufe ido, ya kamo jawabin da ya fi haddacewa, na wani saurayi matalauci da ke roƙon attajiri ya ba shi 'yarsa. Ya karanto shi tiryan-tiryan, har da shessheƙar ƙarshe.

Baƙon ya tsaya cak. Can sai ya buɗe hannuwa ya rungume shi. Ya juya ga jama'a ya ce da Turanci, rabonsa da jin Indiyanci mai tsabta haka ya manta, kuma duk cibiyar da ta samu wannan mutum ta dace.

Zaure ya kaure da tafi. Waɗanda ɗazu suka yi wa Sama'ilu alkawari su suka fara ɗaga wa Mamuda hannu. Sama'ilu ya tattara babbar rigarsa ya fice, ko baƙon nasa bai jira ba.

Bayan la'asar Mamuda ya fito baranda yana karɓar barka, ƙafaɗa a sama, har ya fara yarda cewa watakila ya iya harshen da gaske. Da mutane suka ragu sai Farfesa Mehta ya matso kusa. Ya waiga dama da hagu, sannan ya yi magana ƙasa-ƙasa da Hausar Kano garau.

"Ranka ya daɗe, in an buɗe cibiyar a taimaka mini da gurbin koyarwa, kasuwar atamfa ta mutu. A Fagge aka haife ni, ban taɓa ganin Indiya ba, kuma ni ma a silima ɗaya da kai na koyi nawa, kujerata tana bayan taka."