Muryar Tsoho a Kaset

"Kunna mamu muryar babanka," uwar ta ce ma ɗanta ranar sadakar bakwai, dangi cike da tsakar gida a Ketare.

Da rani ne ɗan ya dawo daga aikin titi a Kaduna, rataye da sabuwar rakoda. Uban ya zaunar da shi gindin rumbu, ya ce, "Ɗauki tarihina, jikoki su ji bayan raina." Tun daga yunwar da ta koro su daga Faskari har dajin da ya sare ya yi gona, tsoho bai bar komai ba. Ɗan kuwa, kaset ɗaya gare shi, na goge, kuma yana son abinshi. Ya yi kamar ya danna maɓallin ɗauka, bai danna ba. Wai sai wani zuwan.

Yanzu ya kunna. Goge ya tashi a gidan makoki. Kawunshi ya yi salati, ya miƙa hannu zai kashe.

Uwar ta riƙe hannun. "Bar shi, Yaya," ta ce, tana matso da kunne. "Malam bai taɓa fara magana da gaggawa ba. Yanzu za ya shigo."