Matar Da Ta Tattaro Finafinan Marigayi Darakta

Ka ce kana so ka karrama malaminka da ya rasu, to saurari wannan. An yi wani daraktan fim wanda rabin masu sana'ar a wurinsa suka koyi riƙe kyamara. Ranar sadakar bakwai ɗinsa ƙofar gidan ta cika maƙil, manya suka yi ta jawabi, kowa ya watse. Akwai wata mata da ta shekara goma sha takwas tana tace masa fim. Bayan arba'in ta roƙi matar marigayin mukullin ɗakin ajiyarsa. Tana buɗewa warin danshi ya buge ta. Ashe rufin ya daɗe yana yoyo, gara ta cinye kwalaye, kaset-kaset duk sun yi funfuna, zarensu ya manne. Cikin finafinai talatin, huɗu kaɗai suka tashi. Matar marigayin ta ce, "Ki haƙura, 'yar nan, abin da ya tafi ya tafi." Ta ce, "Hajiya, shi ne ya tafi, Allah ya jiƙansa. Waɗannan kuwa sun shiga kasuwa, suna hannun wani."

Ta ɗaura ɗamara ta shiga neman tsofaffin masu hayar kaset. Wasu shagunan sun koma na cajin waya, wasu masu su sun rasu. A Gusau wani ya yi mata dariya, ya ce ai tuni ya zubar da nasa a bola. Ta yi masa godiya ta wuce. A Maraɗi ta samu biyu a ƙarƙashin gadon wani tela. Wata tsohuwa a Haɗeja ta fito da ɗaya daga cikin adakarta, naɗe a ɗankwali, ta ce ba za ta rabu da shi ba, domin ɗanta da ya rasu ya fito a ciki. Sai mai tace fim ɗin ta koma gida ta kinkimo na'urarta, ta kwafe shi a tsakar gidan tsohuwar, suna kallo tare suna share hawaye. Shekara uku tana wannan yawo, har ta haɗa ashirin da tara, ta zuba su a kwamfuta, masu koyon sana'ar suka riƙa zuwa suna ganin aikin mutumin da a da sunansa kawai suke ji. Ɗayan da ya rage, an ce mata an taɓa ganinsa a Agadas, ta kuwa hau mota. Shi ya sa Hausawa suka ce, mai nema yana tare da samu.