Gwiwar Ɗan Kokawa da Kiɗan Kaka

Auta, tun da aka kawo ka daga filin ƙwallo a kan babur hankalina bai kwanta ba. Yanzu kuma na ji wai kumburin gwiwar taka ya saɓe, za ka koma buga wasan unguwa. Ni ban yi karatu mai nisa ba, amma ga wani misali.

A wani ƙauye an yi ɗan kokawa, manomi ne, ƙato, gwiwarsa ta gurɗe ana cikin damina. Mai ɗori ya ɗaure masa, da lokaci ya yi ya kwance, ya ce masa saura aikinka: kullum da safe ka lanƙwasa ta, ka miƙe ta, ka dafa turmi ka tsuguna a hankali, ka taka yashin rafi, ka koyi tsayuwa a kanta ita kaɗai. Shi kuwa ya ga abin kunya ne abokan karawa su hango shi yana ɗingishi a bakin rafi kamar tsohuwa. Sai ya shige ɗaki ya miƙe ƙafa, ana shafa masa man shanu, ya ƙara guru a ƙugu. Zafi dai ya tafi, amma cinyar ta tsotse, shi bai ma lura ba. Akwai maƙwabcinsa da ya yi irin wannan targaɗe, ƙarami ne a kokawa, ba wanda ya damu da shi. Wannan ya bi maganar mai ɗori, matan da ke ɗebo ruwa suna tsokanarsa: “Ango, yau ma tatata ake yi?” Ya yi dariya, ya ci gaba da tsugunonsa.

Da kaka ta yi, aka share fili. Makaɗi ya hango ƙaton nan a cikin ’yan kallo, ya saki kiɗansa, maroƙa suka ɗauki kirari. Ka san namiji da kirari. Ya tuɓe riga ya faɗa fili, ko jiki bai ɗumama ba. Kamun farko, ba wanda ya kayar da shi, gwiwar ce ta tafi da kanta, har na bakin fili suka ji ƙarar. Maƙwabcin nan ma an kira sunansa, ya ɗaga hannu ya ce sai baɗi, aka yi masa ihu. Baɗin kuwa ya shiga, ya ci wasu, wasu suka ci shi, ya koma gonarsa da ƙafafunsa. Ƙaton nan kuwa sallah ma a zaune yake yin ta, gonarsa ƙannensa ke nome masa.

Don Allah, Auta, motsin nan da likita ya nuna maka, da kake cewa wasan yara ne, ka yi shi har ya sallame ka da bakinsa. Fili ba ya gudu. Hausawa suka ce, sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.