Kalmar da Yaya Jamil Ya Faɗa

Ummu Hani ba ta dubi Aminullahi ba. Idonta na kan kogin Matan Fada, inda dubban masunta suka yi cirko-cirko da koma da gora suna jiran a ba da alamar fara gasar kamun kifi.

"Malam," ta ce a hankali, "tunda Turanci kake koyarwa, mi ake nufi da ephemeral?"

Ya dube ta. "Wa ya faɗa miki ita?"

"Yaya Jamil. Ya ce wa Baba haka son da kake mini yake, wai kana gama bautar ƙasa za ka koma Birnin Kebbi."

Kafin ya amsa bindiga ta tashi. Ƙasa ta girgiza, masunta suka afka ruwa gaba ɗaya, kogi ya ɓace ƙarƙashin kawuna da goruna. Ummu Hani ta dafe ƙirji tana tasbihi.

"Abin da bai daɗewa," ya ce, yana nuna kogin. "Irin wanga. Nan da la'asar ba kowa cikin ruwan."

Ta juyo, idonta ya kawo ruwa. "Ashe gaskiya ya faɗa."

"Kalmar ya sani, ni bai san ni ba. Na karɓi koyarwa nan Argungu, ba inda za ni. In kin yarda, baffannina na nan tafe ranar Juma'a."

Ta daɗe tana kallonsa kamar yau ta fara ganinsa. Sannan ta ja mayafi ta rufe murmushinta.

"Su zo da hantsi," ta ce. "Baba na fita fadama da wuri ranar Juma'a, ni zan tsare shi."